Gonar Baba da Karatun Lauya

Agege, Legas

Zuwa ga Baffa Haruna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Inna Rabi da yara duka. Yaya ciwon ƙafar? Allah ya ƙara sauƙi.

Baffa, jami'o'i biyu sun ɗauke ni karatun lauya, ɗaya nan Legas, ɗaya can Arewa. Ta nan tana da tsada, amma a nan manyan ofisoshin lauyoyi suke. Ta Arewa ta fi sauƙi. Wani lauya da na tambaya ya ce ko ina mutum ya yi, aikin ba tabbas. Wani abokin karatunsa okada, wato acaɓa, yake ja yanzu.

Ka san tun da aka ƙone rumfar albasar Baba a rikicin bara bai farfaɗo ba. Shekaranjiya ya kira ni ya ce, "Sani, zan sayar da gonar gida, ka yi na Legas." Na ce, "Baba, in na gama ban samu aiki ba fa?" Sai ya ce, "Da aka kama yayanka ba laifin komai, wata bakwai ya yi a tsare, don ba mu da mai tsaya mana."

Na gane so yake mu samu lauya a gida. Amma gonar nan ita kaɗai ce ta rage mana in zaman Legas ya gagara. Jiya na karɓi gurbin Arewa, ban gaya masa ba tukuna. Don Allah, in ya aiko ka nemo mai saye, ka ja masa lokaci.

A sa mu a addu'a. Ka gaishe mini da Goggo.

Ɗanka,
Sani