Injin da na saya wa Baba ya mutu a tsakiyar ruwa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a sakaya sunana, domin a bakin ruwanmu ko tari mutum ya yi sai an gane ɗan gidan wane ne. Don Allah ku ba ni shawara, kwana huɗu ke nan abinci ba ya shiga mini, kuma ranar Asabar ɗin nan nake tsoro.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a Yelwa, ina da aure da yara uku, amma asalina 'yar wani ƙauye ce a bakin tafki ta ɓangaren Ngaski. Babana matuƙin jirgin ruwa ne, yana ƙetarar da mutane da kayansu ranar kasuwa. Ni ce 'yar farinsa, kuma ku da kuka san irin gidajenmu kun san abin da wannan yake nufi. Tunda nake bai taɓa kiran sunana ba, ban taɓa zama na yi hira da shi ido da ido ba, gaisuwa ce kawai a durƙushe, ya amsa yana kallon wani wajen, in tashi. Ƙanwarsa Gwaggo Hajo ce ta goye ni, don haka in zai ambace ni sai ya ce "ɗiyar Hajo." Tun da Innata ta rasu Gwaggo ce ke riƙe da gidan, kuma duk maganar da ke tsakanina da Baba ta bakinta take bi.

Sai na ɗan faɗa muku wane ne shi a ruwa, in ba haka ba ba za ku gane nauyin abin ba. A gungu aka haife shi, tsibiri a tsakiyar kogi, yana cewa yana ɗan mitsitsi aka yi murnar samun 'yancin kai, abin da ya iya tunawa kawai ganga da 'yar tutar takarda. Bai kai ga zama saurayi ba aka datse ruwa a Kainji, gwamnati ta kwashe su zuwa sababbin gidaje a tudu, yana kallo ruwa ya ci gonar albasarsu, ya ci masallaci, ya ci kabarin kakansa. Itatuwan da ruwan ya shanye har yau kututtukansu suna nan a ƙasa, su ne ke fasa jirage, kuma Baba ya san wurin kowanne, zai ce maka nan tsamiyar ƙofar gidan wane ce, a kauce dama. Matasan matuƙa wurinsa suke zuwa tambayar hanya. In inji ya yi tari a kwata, wato inda jirage ke tsayawa, shi ake kira ya saurara, daga ƙara kawai sai ya ce fulogi ne ko kafireta. Ba shi da gona, ba shi da boko, ba shi da sarauta, wannan sanin shi ne duk abin da yake taƙama da shi a duniya.

Injinsa na da, irin mai shan haɗi ne da ake ce wa tu-sitirok, wanda ake zuba baƙin mai a cikin fetur a girgiza jarka. Dattijo yake kiransa. Wallahi na tsani injin nan, ga hayaƙi, ga ƙara kamar ana niƙa, ga shan mai, kuma a shekarun nan ya koyi mutuwa a tsakiyar ruwa. Shi Baba ko a jikinsa, sai ya ciro fulogi ya goge da bakin riga, ya hura, ya mayar, ya ja igiya. Amma ni ina aikin asibiti, na ga gawar da aka tsamo daga tafkin nan ba ɗaya ba, ba biyu ba. Duk ranar kasuwa in hadari ya haɗo, hankalina ba ya kwanciya sai na ji ya dawo.

Shi ya sa bara da na kwashi adashe na je wurin wani mai shagon injuna a Yelwa, shi ne makanikin kuma, na sayi sabon inji fo-sitirok. Mutumin nan tsakani da Allah ya yi mini bayani. Ya ce wannan ba ya hayaƙi, ba ya shan fetur sosai, in an kula da shi ya fi daɗewa kuma ba ya yawan mutuwa a hanya, amma ba ya yafiya kamar tsohon. Ya ce abu uku zan faɗa wa mai shi. Ba a haɗa masa baƙin mai a fetur, shi nasa baƙin man yana da ma'ajinsa daban a ciki, kullum da safe a zaro ɗan ƙarfen awo a duba. In an cire shi daga jirgi a tsayar da shi, in kuma dole sai an kwantar to gefe ɗaya ne kawai, ya nuna mini, in aka kwantar ta ɗayan man zai tsiyaye. Sannan in 'yar jar fitilar da ke jikinsa ta kama a kashe shi nan take. Har ya sa na maimaita masa kamar 'yar firamare.

Na kai inji gida a mota, aka taru ana sa albarka. Baba ya zagaya shi sau biyu, ya shafa murfin, daga baya Gwaggo ta ce ranar har masallaci ya ba da labari. Na ja Gwaggo ɗaki na zayyana mata abu ukun nan, na ce ta faɗa masa. Sai ta riƙe baki ta ce, "Ke ɗiyag ga, ni zan tahi in koya ma Babanki inji? Mutumin da tun ba a haihe ki ba shi ka koya ma mutane?" Na ce to ta dai faɗa, ta ce to. Na san wannan "to" ɗin na Gwaggo, na san ba za ta faɗa ba, amma na hau mota na koma Yelwa ina gaya wa kaina ai na sauke nauyi.

To ga abin da ya riƙa faruwa, wanda sai yanzu na haɗa shi. Saboda ɓarayin inji, a garinmu ba a barin inji a jirgi, kowa da yamma yake kwancewa ya ɗora a baro ya kai gida. Baba ya kai sabon nan zaure ya kwantar da shi yadda ya saba kwantar da Dattijo shekara da shekaru, a gefen da aka hana. Da safe ya auna baƙin mai da gwangwaninsa ya zuba a fetur ya girgiza, hankalinsa kwance ya ba inji haƙƙinsa. Man da ke ciki kuwa yana tsiyayewa kaɗan kaɗan a daɓen zaure, Gwaggo tana barbaɗa toka tana sharewa. Da jar fitila ta fara kamawa sai ya ɗauka irin ta rediyo ce mai nuna abu yana kunne, da ta dame shi a ido ya liƙe ta da salatif. Da injin ya fara rage gudu da kansa sai ya ce yunwar mai yake ji, ya ƙara rabin gwangwani a fetur.

Abin da ya fi ci mini rai, na je gida da ƙaramar salla, na ga tabon man nan a zaure da idona, baƙi, ya kai faɗin faifai, ga injin kwance a kansa. Na gane. Baba yana zaune a kan buzunsa taku uku daga wurin. Na durƙusa na gaishe shi, maganar tana bakina, amma na tashi na shige cikin gida. Na ce in na koma zan sa mai shagon ya kira shi a waya, da na koma aiki ya sha kaina, na manta.

Ranar kasuwar da ta wuce ya ɗauko mutane da buhunan shinkafa, suna tsakiyar ruwa wajen kututtukan nan iska ta taso, injin ya yi wata ƙara ya tsaya cak. Ya ciro fulogi ya goge kamar yadda ya saba, ya ja igiya, igiya ta ƙi ko motsi. Iska ta riƙa tura su kan kututture, ruwa yana shiga, mata suna salati, sai da aka zubar da buhuna a ruwa, shi kuma yana tokare jirgi da gora har tafin hannunsa ya tsage. Masunta ne suka hango su suka jawo su. Alhamdu lillahi ba a rasa rai ba, amma akwai mace mai goyo a ciki, har yanzu in na rufe ido ita nake gani ko da ban san fuskarta ba.

Aka kawo mini injin Yelwa na kai shago. Mai shagon ya zaro ƙarfen awo, busasshe ƙamas. Ya ɓare salatif ɗin ya nuna mini, ya shinshina tankin fetur, sai ya dube ni kawai. Ya ce inji ya buga, ba ɗigon mai a cikinsa, wannan ba laifin inji ba ne, hannu ne. Ya tambaye ni ko na isar da saƙon da ya ba ni, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

A can gida kuwa labari ya juye. Duk kwata an yanke hukunci cewa fo-sitirok injin 'yan gayu ne, ba na tafkinmu ba. Masu cewa dama sun faɗa, ga nauyi, ga kayan gyaransa sai an aika birni, ga shi ba ya son fetur ɗin bakin hanya, in ya mutu a ruwa sai dai salati, shi kuwa mai shan haɗi ko da sifana ɗaya ka lallaɓa shi ya kai ka gaɓa. Wasu biyu da suka yi niyyar saye sun fasa, hujjarsu ɗaya ce, in har ya mutu a hannun Baba to a hannun wa zai rayu. Ba wanda ya kawo a ransa cewa kuskure daga wurinsa ne, shi ma bai kawo ba. Ya jawo Dattijo daga lungu yana wanke shi, da hannun nan mai ciwo, ya ce da shi zai koma ruwa.

Shekaranjiya Gwaggo ta kira ni da saƙonsa. Ta ce ya ce, "A hwaɗa ma ɗiyar Hajo kada ta sa ma ranta damuwa, ita alheri ta yi nuhi, cutar ta anka yi don an gan ta mace." Ta ce ya ce ba zai bari a ci haƙƙina ba yana raye, ranar Asabar zai zo Yelwa da sarkin jirgi, wato shugabansu na kwata, da manyan matuƙa, su je shagon, a buɗe injin a gaban kowa, ya nuna wa mai shagon cewa ruɓaɓɓen kaya ya sayar wa ɗiyarsa. Gwaggo ta ce "ɗiyata" ya ce, da bakinsa, ba ta taɓa jin ya faɗa ba sai ranar. Na kashe waya na shiga bayan ɗakin magani na yi kuka mai isata.

Na koma wurin mai shagon na roƙe shi ya rufa mana asiri, in sun zo ya ce matsalar daga kamfani ce. Ya ce yana jin tausayina amma ba zai iya ba, shi ma sunansa ne abincinsa, in ya amsa ya sayar da jabu a gaban sarkin jirgi ya rufe shago ke nan. Kuma ya ce in aka ɓoye, gobe wani zai sake kwantar da nasa a gefen da ba shi ba, wataƙila shi ba za a samu masunta kusa ba. Daga nan na kira gida. Na ce wa Gwaggo ta faɗa wa Baba gaskiya kafin Asabar, ta ce ko za a yanka ta ba za ta iya ba, kuma in na tona cewa na ba ta saƙo ta riƙe, na haɗa ta da yayanta, ita ba ta da wani gidan da za ta koma. Maigidana ya ce in tura wani dattijo, amma duk dattijon da Baba zai saurara yana cikin masu rakiyar, ko kuma abokin hirarsu ne, kafin la'asar kowa ya ji.

To 'yan uwa ga inda nake. In na yi shiru, Asabar Baba zai tsaya a gaban mutanen da ya koya wa tuƙi, a zaro ƙarfen awo a nuna masa, a nuna masa salatif ɗinsa, a ce shi ya kusa halaka mutane, kuma saboda ni ya zo. Na san shi, ba zai sake taka kwata ba, kuma ban san abin da zai rage masa ba in an raba shi da ruwa. In kuma ni zan faɗa, sai na je na zauna a gabansa, abin da ban taɓa yi ba, maganar farko da za ta haɗa ni da ubana a duniya ta zama ita ce Baba kai ka kashe injin, kuma na gani na yi shiru.

Masu sanin inji a cikinku, don Allah akwai wata hanya ta gaskiya da za a bayyana abin nan ba tare da an ce hannunsa ne ba? In an gyara wannan ɗin zai sake amintuwa a ruwa, ko in haƙura in bar shi da Dattijonsa ina ji ina gani? Ku kuma 'ya'yan fari irina, akwai wadda ta taɓa buɗe baki ta yi wa mahaifinta irin wannan maganar, da wace kalma ta fara?

Na karɓi hutun Juma'a a wurin aiki, motar garinmu tana tashi bayan an sauko masallaci. Gwaggo ta ce ya ba da babbar rigarsa ta salla a wanke a goge, ita zai sa ya zo ya tsaya mini. Don Allah ku faɗa mini, in hau motar nan ko in bari ya zo?