Burodin Maigidana Ba Ɗanye Ba Ne, Shi Kuwa Bai Sani Ba

Anti, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara kafin ranar Asabar mai zuwa, domin na jefa kaina cikin wani hali da hannuna, na rasa ta inda zan fita. Na san masu rubuto miki manyan matsaloli suke kawowa. Tawa in kin ji wataƙila ki yi dariya, a kan burodi ce, amma ni ta hana ni sakat.

Shekararmu talatin da ɗaya da aure. Yaranmu huɗu duk sun girma sun kama gabansu, daga ni sai maigidana a gida, muna zaune lafiya lau. Malamin lissafi ne, shekara biyu ke nan da ya yi ritaya. Ba ni da abin faɗa a kansa sai alheri. Aibinsa ɗaya, in ma aibi ne, ba ya yin abu rabi da rabi. Likita ya ce ya rage maiƙo ya riƙa motsa jiki, iyakar abin da aka ce masa ke nan. Malam ya dawo ya duƙufa a kan waya kwana uku yana karatu, a na huɗu ya sanar da ni cewa ya bar nama da ƙwai da madara da duk abin da ya fito daga jikin dabba, kuma daga yau yawancin abincinsa ɗanye ne, wanda wuta ba ta taɓa ba. Na ce Allah ya ba da sa'a, ni dai ina nan da tukunyata. A gaskiya bai taɓa takura mini ba, ko ina soya nama a gabansa sai dai ya yi murmushi ya ci gaba da tauna karas ɗinsa.

Abin da ya fi kewa shi ne burodi. Da babbar 'yarmu ta ji haka sai ta aiko masa da na'urar busar da abinci. Wani akwati ne mai faranti biyar a jere, da 'yar fanka a baya tana hura iska mai ɗumi. Ɗumin bai kai na girki ba, ruwan da ke jikin abu kawai yake zuƙewa sannu a hankali. Da ita Malam ya fara yin burodin albasa. Yana yanka manyan albasa uku, ya niƙa riɗi da 'ya'yan kabewa da wani ɗan iri mai ruwan ƙasa da ake kira filaks, wanda in ya jiƙa yake yauƙi ya haɗe komai, ya zuba man zaitun da gishiri da lemon tsami, ya cuɗa ya shimfiɗa a kan takardar farantin. Babu fulawa, babu yis, babu wuta.

Anti, ki gane mini, mutumin nan tun da ya bar aiki ya zama wani iri. Ya tashi daga wannan kujera ya koma waccan, ya karanta jarida har tallace-tallacen da ke cikinta, ya tambaye ni ƙarfe nawa alhali agogo na hannunsa. Mutumin da bai san inda nake ajiye gishiri ba, sai ga shi da yammacin kowace Litinin ya ɗaura tsohon zanena a ƙugu, muna zaune a kicin yana yanka ina ɓare masa, hawaye shaɓe-shaɓe, muna yi wa juna dariya. Hirar da muke yi a wajen albasar nan, tun yara suna ƙanana rabon da mu yi irinta. Ina son yammacin Litinin, ba zan ɓoye miki ba.

To, yana da dokoki biyu. Ta farko, kaurin burodin santimita biyu ne daidai, da rula yake aunawa, wai abin da bai da kauri ba a kiransa burodi. Ta biyu, da zarar an rufe na'ura ba mai buɗewa sai awa ashirin ta cika, kada iskar ta fita. Awa ashirin ɗin kuwa tana cika ne ƙarfe huɗu na yammacin Talata, shi kuma da ƙarfe uku yake fita koyar da 'yan jarrabawa darasi a wata makaranta kusa da mu. Saboda haka kashewa da fitarwa aikina ne.

Ranar farko da na buɗe, sama ya bushe ya yi ɓawo, da na ɗaga sai na ga ƙasan caɓa-caɓa kamar laka. Na tsaya ina kallonsa. Na tuna yadda Malam ya kwana biyu yana zumuɗi, har ya yi wa yara waya ɗaya bayan ɗaya yana ba su labari. Tausayinsa ya kama ni. Ban yi wani dogon tunani ba na kunna obin ɗina na gas, na jefa shi ciki minti ashirin, ya gasu ya yi ja, na bar shi ya huce, na mayar da shi kan farantansa, na buɗe tagogi. Da Malam ya dawo ya gutsura, sai ya lumshe ido, ya ce da ni ai ga shi nan, duk abin da aka bi lissafinsa ba ya ba da kunya. Har ya zaunar da ni ya yi mini bayanin dalilin da ya sa burodin ya yi ja, wai zaƙin albasa ne ya taru wuri guda. Na gyaɗa kai kamar ɗaliba ta gari.

Na ce a raina sau ɗaya ne, mako mai zuwa zan faɗa masa. Yau wata bakwai. Duk Talata ina gasa ɗanyen burodi. Kuma Anti, yana da daɗi, ni kaina ina ci da fiya in ɗora shayi. Malam ya rage ƙiba, yana zagaya filin ƙwallo kowace safiya, fuskarsa ta yi fes, duk baƙon da ya shigo sai ya ba shi ya ɗanɗana, ya kuma jaddada masa cewa wuta ba ta taɓa shi ba. Ni kuwa sai in sami abin gogewa a kicin.

Da a nan abin ya tsaya da na ci gaba da shiruna. Sai ƙanwarsa, autar gidansu, wadda muke shiri da ita ƙwarai, ta ɗanɗana ya burge ta, ta je ta sayi irin na'urar, ya rubuta mata komai dalla-dalla. Sau huɗu tana yi, sau huɗu yana fitowa a jiƙe, na ƙarshe har ya yi tsami ta zubar. Duk lokacin da ta bugo waya sai ya hau ta da faɗa irin na malamai, wai tun tana ƙarama ba ta da haƙuri, lallai tana buɗewa kafin lokaci, ko kuma ba ta auna kauri. Tana rantsuwa yana cewa lissafi ba ya ƙarya. Ran nan na ji ta a waya, mace mai jikoki, tana cewa ƙila hannunta ne ba shi da kyau. Na shige ɗaki na zauna, kunya ta rufe ni.

Yanzu ya ce ta zo ranar Juma'a da yamma ta kwana a nan, su haɗa tare a gabanta, ranar Asabar kuma ba inda za shi, zai zauna har huɗu ta cika ya buɗe da hannunsa ya nuna mata. Na yi tunanin in aike su kasuwa na rabin awa. Na yi tunanin in ce na'urar ta lalace. Na yi tunanin in kira ta a ɓoye in gaya mata gaskiya mu rufe tare. Ba faɗansa nake tsoro ba, Malam ba mai faɗa ba ne da ni. Tsorona kada ya ji na mayar da shi abin dariya wata bakwai, ya nannaɗe wayar na'urar ya ɗora ta saman kabad, ya koma kujerarsa. Ina son mijina yadda yake yanzu. Yaya zan yi?

Daga 'yar'uwarki, uwar 'ya'ya huɗu.

AMSA

Wa'alaikumus salam, uwar 'ya'ya huɗu. Na yi dariya kam, ba zan musa ba, musamman wajen bayanin zaƙin albasa. Amma da na kai ƙarshe na daina, domin na ga abin da kike tsoron rasawa, kuma abu ne mai daraja.

Bari in fara da ɓangarenki. Abin da kika yi ranar farko ƙauna ce, kuma akwai hankali a ciki. Ƙullu mai kauri da ruwa da ya daɗe cikin ɗumi yana iya yin tsami, kin ga na ƙanwarsa. Ba kowace mace ba ce za ta tsaya ta tausaya wa zumuɗin namiji. Amma tausayin rana ɗaya daban, na wata bakwai daban. Malam ya zaɓi abin da zai ci da wanda ba zai ci ba, ko mun yarda da zaɓin ko ba mu yarda ba, haƙƙinsa ne ya san abin da ke shiga bakinsa. Kin kuma bar shi yana faɗa wa baƙi abin da ba haka ba, shi da ba maƙaryaci ba. Sannan ga baiwar Allah can tana zargin hannunta a kan laifin da ba nata ba. Wannan shi ya fi damuna.

Shi ma Malam yana da nasa. Wanda ya kafa doka cewa ba a buɗewa, kuma bai taɓa tsayawa ya ga ƙarshen aikinsa ba ko sau ɗaya, bai kamata ya yi saurin ɗora wa wani laifi ba. Amma wannan ba ke za ki gaya masa ba, zai gano da kansa.

Dabarunki uku duk ki ajiye su. Aiken kasuwa zai cece ki Asabar ɗaya, ƙanwar ta koma gida ta sake zubar da albasa. Ƙaryar lalacewar na'ura ƙari ce a kan wadda ke ƙasa. Haɗa baki da ƙanwarsa kuwa shi ne mafi muni, domin ranar da ya gane, mutum biyu ne suka rufe shi, a nan ne zai ji an mai da shi abin dariya da gaske.

Ki faɗa masa, ku biyu kawai, kuma tun da sauran kwanaki. Ki zaɓi lokacin da ya ci ya ƙoshi. Kada ki fara da cewa burodinsa ba ya yi. Ki fara da abin da kika gaya mini, yadda kika gan shi bayan ritaya, da yadda kike ganinsa yanzu, da abin da ya sa hannunki ya kai ga obin. Sannan ki ba shi haƙuri kai tsaye, ba tare da kin tsaya kare kanki ba. Ki tuna masa kuma cewa zagayen filin da yake yi da maiƙon da ya bari nasa ne, ba ki gasa masa su ba. Batun ko tsarin abincin nasa ya wadatar da jikinsa, ni ba likita ba ce, ku koma wurin likitansa a duba.

Ki zo masa da mafita a hannu, domin burodin nan yana yiwuwa ba wuta. A yanka albasar siriri, a barbaɗa gishiri a bar ta rabin awa, a matse ruwan sosai. A shimfiɗa ƙullun bai fi rabin santimita ba, in yana son kauri ya haɗa biyu a faranti lokacin ci. Bayan awa shida zuwa takwas a buɗe, a kife shi a kan ragar farantin, a ɓare takardar don iska ta sami ƙasan, a yayyanka, a mayar har sai ya bushe ciki da waje. Ya huce kafin a rufe shi, a ajiye a firji. Duk wanda ya yi warin tsami a zubar. Ba zai yi ja kamar naki ba, ɗanɗanon ma zai bambanta, ku shirya wa hakan. Ku gwada sau ɗaya kafin baƙuwarku ta iso. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa wajen neman inda lissafi ya karkace, ina kyautata zaton wannan zai ja shi zuwa kicin fiye da yadda zai kore shi.

Ƙanwar tasa kuma, ku biyu ne za ku ba ta haƙuri, ke naki shi nasa. Ki bar shi ya fara.

Zai iya yin shiru kwana ɗaya ko biyu, kada ki bi shi da lallashi har ki gundure shi. Kunyar nan dai sai ya ji ta, abin da ya rage miki shi ne ki zaɓar masa gaban wanda zai ji ta. Gara a gabanki, ke da kika san shi shekara talatin da ɗaya, kika ga gazawarsa kika ƙara sonsa, da a gaban ƙanwar da ya yi wa faɗa sau huɗu. Allah ya ƙara muku zaman lafiya da ƙoshin lafiya, ya sa ku tsufa tare kuna dariya.