Rijiyar Ƙofar Gidan Malam Gide

Pauwa, watan Rajab

Zuwa ga aminiyata Suwaibatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Alhaji da jikoki. Ya garin Sabuwa, ya kuma ciwon gwiwar nan? Allah ya ƙara sauƙi.

Kin san rijiyar da marigayi Malam ya haƙa a ƙofar gidanmu, ya ce sadaka ce, duk wanda ya sha ladan ya same shi har kabari. To, ruwanta sai ƙasa yake yi. Na ƙara wa guga igiya har na gaji da ƙulli. Da, in an girbe dawa da gero sai a bar ƙasa ta huta. Yanzu kowa ya koma shinkafar rani, an huhhuda fadamar bayan gari da rijiyoyi, injina wuni suke suna zuƙar ruwa. Autana Mas'udu ne kan gaba, kuma ba ni da bakin magana, da shinkafar yake ciyar da ni.

Mata dai suna zuwa har yanzu. Suna jan ruwa suna kwashe mini labarin gari, ina yi masu faɗa kan ɓarin da suke yi. Tun rasuwar Malam hirata ke nan.

Ki gaida kowa.
Taki, Baraka

Pauwa, bayan ƙaramar salla

Aminiya Suwaibatu,

Sallama da barka da salla. Da fatan kun sha ruwa lafiya, gwiwa kuma ta bar ki kin je idi.

Ni sallar ba ta yi mini daɗi ba. Ɗan ruwan da ya rage a rijiya ya canza ɗanɗano, jarirai biyu a unguwa suka kwanta. Wani malamin lafiya ya zo daga Kankara ya ɗiba a kwalba. Da ya dawo ya ce takin zamani da maganin feshi ne suke tsiyayewa daga gonaki, kada a ƙara sha. Na so in yi musu, amma da na tuna jariran sai na haƙura.

Ba mai zuwa yanzu, Suwaibatu. Kullum da safe sai na share bakin rijiyar, ban ma san don wa ba. Abin da ke cin raina, Malam yana can kwance ladansa ya yanke. Na tasa Mas'udu gaba ina kuka, ya sunkuyar da kai.

Ki sa mu a addu'a.
Baraka

Pauwa, farkon damina

Suwaibatu tawa,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya ruwa? Ina fatan shuka ta yi kyau a wajenku.

Yaron nan ya yi abin kirki. Shi da abokan nomansa sun sa an haƙa burtsatse mai zurfi can tudu, kusa da masallacin Juma'a, nesa da fadama, da niyyar sadaka ga mahaifinsa. Liman ya ce ladan na isa ga Malam. Tsohuwar rijiyar an rufe ta da siminti. Ni kuma har ɗaki ake kawo mini ruwa a jarka, garau da shi. Kowa yana cewa in gode Allah, kuma wallahi na gode.

Amma ke ba na ɓoye maki. Na ɗauka ladan Malam kaɗai nake wa kuka, ashe har da kaina. Tudun ya fi ƙarfin ƙafata. Jiya na ji muryoyin matan sun nufo lungunmu, na yi maza na fito da tabarma. Ashe wucewa suke, suka ɗago mini hannu daga nesa, bokitai a ka.

In Alhaji zai bar ki, ki zo. Kada ki wahala da tsaraba, ki zo dai ki dame ni da surutu.

Ina sauraron sallamarki.
Taki har kullum, Baraka