Rabin Maganar Bitamin

Daga ofishin Shugaban Babban Asibiti,
Zuwa ga Malama mai binciken ƙwayar cutar yis.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya aiki, ya gajiya, ya 'yan ƙwayoyin da kike kiwo a faranti? Da fatan suna mutuwa yadda kike so.

Muna sanar da ke mahaifinki yana kwance a wajenmu. Yis ya yi masa fari fat daga harshe har maƙogwaro, ruwa ma da ƙyar yake wucewa, maganin kuma ya ƙi ci.

Zuwanki na ƙarshe kin faɗa a tsakar gida cewa a farantinki wani bitamin kan sa yis ya yi wa magani taurin kai, wani kuma ya sa magani ya fi cin sa. Yayanki mahauci rabin farko kawai ya riƙe. Da ya ga kwalbar bitamin ƙarƙashin matashin Baba, wato mahaifinki, ko hannu bai wanke ba ya nufi shagon mai kemis ɗin da ya sayar da ita. Ta saman teburin shagon ya jawo tsohon mai kemis, ya haɗa masa kai da gilashi, ya karya masa hannu. 'Ya'yan mai kemis suka biyo shi gida da sanduna da ƙarfen mota, suka fasa masa ƙeya. Jini har kan tabarmar Inna.

Likita ya ce faranti daban, jikin mutum daban, ba wanda ya tabbatar bitamin ne. Yayanki ya ce likitan bakinsu ɗaya da mai kemis, ƙanwarsa kaɗai zai yarda da ita. Yana kwance kansa a naɗe, ya rantse ran da ya miƙe zai banka wa shagon wuta. Ya riga ya aika a sayo fetur. Jiya ya tashi zaune.

Ki taho ki ƙarasa masa maganar da kika fara.

Inna na gaishe ki, Baba ya ɗaga hannu da aka ambace ki. Allah ya kawo ki lafiya.

Yaya, ba wani shugaba. Ni ne. Na san tun da na aiko miki ƙaryar cewa Inna ta haifi tagwaye kika daina buɗe saƙona. Ni na shiga tsakani a faɗan, haƙorana na gaba sun zube, ko na so dariya ba ta fita. Fetur ɗin ma ni aka aika, na ɓoye jarkar a ƙarƙashin gadonki.

Naki,
Auta