Yaya Haruna, Kai Ma Ka Yi wa Faifan Baba Dariya

Assalamu alaikum, Yaya Haruna. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da mutanen Damagaram baki ɗaya. Ƙaninka Bashir ne daga Madina. Da gangan na rubuto maka a fili, saboda a fili ka ba ni kunya.

Ranar Talata na saka faifan mutanen Wales ɗin nan a zaurenmu na masu son kiɗa a waya. Abu ɗaya na roƙa: a saurari waƙar farko har ƙarshe kafin a yi magana. Ko minti biyu ba a yi ba Idi ya rubuta wai janaretan maƙwabcinsa ya fi wannan daɗi. Wani ya ce ashe abin da ya kai ni Madina ke nan, shi da kullum yake cika mana waya da waƙoƙin Indiya. Wannan bai dame ni ba, ba su san komai a kai ba. Sai ga ka, ka manna hoton dariya har uku.

Kai fa, Yaya, kai da ka gano shantar.

Bari in tuna maka, tunda ka manta. A shekararmu ta ƙarshe muna dawam, wato aiki, tare a filin jirgi, wajen sauke kaya, wani tsohon Bature ɗan Wales da ya zo Umra ya rasa shantarsa, wato jakarsa, maganin zuciyarsa na ciki. Wuni guda kana bin kekunan kaya ɗaya bayan ɗaya har ka same ta cikin kayan wani jirgi daban. Muna tashi muka kai masa masauki. Ya riƙe hannunka ya ƙi saki, ya ce gobe sai mun raka shi masallacin Ƙiblatain. Tun daga nan muke ce masa Baba.

Bayan salla muka zauna shan shayi. Kai ka lura yatsunsa ba sa zama, sai tafiya suke a kan tebur. Ka tambaye shi da guntun Turancinka. Ya ce a samartakarsa, kafin ya musulunta, shi ne mai piyano a wata ƙungiya. Su biyar ne, 'ya'yan masu fasa dutse, kuma da yarensu suke waƙa, ba da Turanci ba. Masu rediyo suka ce su datse waƙoƙin su koma minti uku.

"Muka ƙi," in ji shi. "Shi ya sa ba wanda ya san mu."

Ya rubuta mana sunan ƙungiyar a bayan tikitinsa. Har yau harshena ya kasa sunan nan.

A ɗakinmu na unguwar Harra ta Yamma muka nemo faifan muka kunna bayan la'asar. Waƙa ɗaya minti goma sha takwas. Piyano ya fara shi kaɗai, a hankali, sarewa ta biyo shi. Can ganga ta shigo da wani taku da ƙafa ba ta saba da shi ba, kana kama shi ta sauya. Jita ta yi ta hawa har ka ajiye cokalinka, daga nan komai ya ɗauke, sai muryoyi biyar a haɗe, ba kiɗa. Ba mu ji kalma ko ɗaya ba, amma shinkafarmu ta huce a faranti.

Kai ka ce, "Waɗannan kamar masu gogen garinmu ne, ba sa sauri. Maras haƙuri ba zai ji su ba."

Da bakinka ka faɗa. Layi ɗaya irin wannan da ka rubuta ranar Talata, da Idi ya yi shiru, don kowa a zauren yana jin maganarka. Amma ka zaɓi ka bi masu dariya.

Akwai abin da ban gaya maka ba. Makon jiya 'yar Baba ta aiko da saƙo ta lambar da muka ba shi. Allah ya yi masa rasuwa. Ta ce har a asibiti yana ba da labarin wasu Hausawa biyu a Madina da suka saurari waƙarsa daga farko har ƙarshe. Dalilin da na saka faifan ke nan. Na kasa kiranka in faɗa da baki, na ɗauka in ka ji piyanon za ka kira ni da kanka.

Na san tun da aka ƙi sabunta maka iƙama, takardar zama, ka koma gida, abubuwa ba su yi maka sauƙi ba, kuma zauren nan ne kaɗai wurin da kake ɗan shaƙatawa. Ban manta wanda ya koya mini ɗaga shanta ba tare da na karya baya ba. Fushin nawa ma na kewa ne, Yaya. Gadonka na nan, wani ɗan Chadi ke kwana a kai, mutumin kirki ne amma ba ya jin kiɗa.

Zan sake saka faifan ranar Juma'a. Masu leƙen wasiƙar nan su ba shi minti goma sha takwas ɗinsa, in ba su so ba su wuce. Kai kuwa ka saurara, sannan ka kira ni.

Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa, ya karɓi Umrarsa. Allah ya buɗa maka, ya sake haɗa fuskokinmu a garin Manzo. Ka gaishe mini da Inna.

Ƙaninka, da sauran fushinsa,
Bashir