Layin Biro a Wuyan Haggai

Litinin, 1 ga Yuli, 2024
Bana ce shekarar ƙarshe! Ɗana Haggai zai kammala golmo, noman da saurayi ke yi wa uban budurwarsa kafin a ba shi ita. Duk shekarun nan a gonar Baba Dominic, uban budurwarsa Rachael, a Manga, ba a taɓa cewa ɗana ya makara ba. Har na ware bunsurun biki. Ita dai Rachael ɗin... wando, da baki a gaban manya, wai don tana makarantar jinya. Bari ta shigo gidana, zan gyara ta.

Talata, 2 ga Yuli
Wai haƙori ke damun Haggai. Sai ranar fitar 'yan golmo haƙori ya ga damar ciwo? Na daka masa kanumfari da kanwa ya cusa. Na ce, "Marigayi ubanka da harsashi a cinya ya tako daga daji, bai ce wash ba. Ɗan golmo ba ya cewa zafi. So kake a yi mana dariya har Ribah?" Ya ɗauki fartanya ya fita.

Alhamis, 4 ga Yuli
Ƙasan haɓarsa ya kumbura, ya ƙi tuwo. Na gasa masa da ruwan zafi. Na ce da zafi? Ya ce, "A'a, Mama." Yawwa, ɗan ubansa.

Juma'a, 5 ga Yuli
Dole na rubuta wannan.
Da tsakar rana sai ga Rachael a kan babur, ita ke tuƙi, an ɗaure mata Haggai a baya da zani. A gona ya faɗi, a kan kunya. "Mama, samu ɗan acaɓa ki biyo mu asibiti, faɗa sai an jima!" Ni ta gaya wa haka. Na bi su.
Likita ya danna wuyan, na ji ƙaras-ƙaras kamar an taka busasshen ganye. Ya ce iska ce ƙwayoyin cuta ke tarawa a ƙarƙashin fata. Ya zare biro ya zagaye inda kumburin ya tsaya. Kafin a gama ɗaura masa ruwa, kumburin ya tsallake layin ya nufi ƙirji. Da idona na gani!
Ya ce daga ruɓaɓɓen haƙorin ne. Cuta ce mai cin nama, tana bi ta ciki kamar gara a jikin azara, waje sumul, ciki ya ƙare. Ba a jira da ita, sai wuƙa, yau ɗin nan.
"Mama, alamarta ta farko azaba ce wadda ta fi ƙarfin kumburin. Bai gaya muku yana jin zafi ba?"
Haggai ya dube ni, ya kau da ido.
An tura mu babban asibiti a Sakkwato. Duk tsawon hanya Rachael ce riƙe da ledar ruwan allurai.

Asabar, 6 ga Yuli
YANA DA RAI! Allah na gode!
Likitan fiɗa ya ce da suka tsaga, ba jini ya fito ba, wani ruwa ne toka-toka kamar na wanke-wanke. Suka yi ta yanke mataccen nama har suka kai inda jini ke fita. Yau na koyi cewa ganin jini ma albishir ne. Sun cire haƙorin, sun sa masa bututu a maƙogwaro don numfashi. Ba ya iya magana.

Litinin, 8 ga Yuli
Sun sake shiga da shi ɗakin fiɗa, saura ɗan nama kaɗan da ya mutu. Ban ci komai ba. Rachael ta tura mini kunu ta tsaya a kaina sai da na shanye. Rashin kunya dai.

Alhamis, 11 ga Yuli
Zazzaɓi ya sauka! An sake jan layi tun shekaranjiya, kuma kumburin bai taɓa shi ba. Na duba ya fi sau goma. Na fita baranda na rera waƙar yabo da ƙarfi har wata ma'aikaciya ta ce, "Mama, nan asibiti ne." Na ce na sani, 'yata, taya ni amshi.

Laraba, 24 ga Yuli
An cire bututun. Naman ya yi ja, sun ce mako mai zuwa za su ɗebi fatar cinyarsa su rufe wurin. Baba Dominic ya bugo waya, abokan golmo sun gama noman, kuma ya ce, "Yaron nan ya biya har da ƙari." Na yi guɗa a tsakiyar ɗakin marasa lafiya!

Juma'a, 26 ga Yuli
Yau na tsaya wajen wankin ciwo. Ana ɓare auduga, ya damƙe ƙarfen gado, gumi na tsattsafo masa, baki a rufe gam. Ma'aikaciyar ta ce da zafi? Maimakon ya amsa mata, ni ya duba.
Na ce, "Ana tambayarka. Faɗi gaskiya, ƙarya zunubi ce."
Da wata 'yar murya ya ce, "Da zafi, Mama. Tun ranar Talatar nan ta fitar 'yan golmo."
Aka yi masa allura. Na riƙe hannunsa har aka gama. Idona ya yi ta ruwa, warin maganin nan ne.
Turmin haƙorina na hagu, wanda na shekara biyu ina tauna da dama saboda shi, na ɗan ambata wa Rachael. Ta ce Litinin da safe za ta kai ni wurin likita. Ba don komai ba, tunda dai muna asibitin ne.