Wa'adi Na Uku

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya, kai da Umma. Karatu sai godiya.

Baba, Umma ta faɗa min wata magana a waya, na ce ban yarda ba sai na ji daga bakinka. Wai za ka gyara tsarin mulkin ƙungiyar unguwa don ka zarce a shugabanci. Ai kai ka rubuta shi a teburin falo, ni nake miƙo maka biro. Wa'adi biyu, ka ce, ko mala'ika ne ya sauka. Da labarin shugabannin da suka liƙe wa kujera ka raine mu. A gidanmu ko rimot ɗin talabijin wa'adi gare shi. Wallahi kunya ta hana ni cin abinci. Don Allah ka bari.

'Yarka, Lauya.

Lauyata,

Bayan gaisuwa. Ko digirin ba ki karɓa ba, har kin gurfanar da ubanki. Babu tsarin mulkin da ba a yi wa gyara, ki duba tarihi. Kwalbatin bakin masallaci ba a gama ba, fitilun titi rabi aka sa. Wanda ke son kujerar tela ne, tsohon ɗalibina, mutumin kirki, amma gaban mutum biyar ma muryarsa rawa take. Ranar Asabar za a zauna, jama'a ce za ta yanke. Ki maida hankali kan jarrabawa.

Mahaifinki.

'Yata,

Ina gaishe ki. Na yi nasara a taron, kuma ban san inda zan sa fuskata ba.

Ɗakin taron ya cika. Na miƙe gaban benci, na harɗe hannu a baya, na yi bayani kamar yadda na saba. Da na gama sai na ji bakina ya ce, "Wanda ya gane, ya ɗaga hannu." Tambayar aji ce, ba ta zaɓe ba, amma sakatare ya ƙirga ya rubuta an amince. Duk suka ɗaga: makaniki, mai kyamis, direban bas, har telan. Kusan kowa a ɗakin ya zauna ajina yana yaro, haka na sabar musu. Babu wanda ya kalle ni. Telan takalminsa yake kallo, hannunsa a sama.

Ranar Litinin darasin 'yan ajin ƙarshe ya faɗo kan iyakar wa'adin mulki. Na rubuta kan maganar a allo, na juyo, sai ga 'ya'yan mutanen nan sun zuba min ido. Sun san komai, a gida suka ji. Na so wani ya yi tambaya, ko da ta rashin kunya ce. Ina! Suka sunkuya suna kwafa. Alli ya yi min nauyi, na ce kaina ke ciwo na fita.

Da yamma na kai wa telan mabuɗin ɗakin taro. Ya tashi daga kan keke, ya ɓoye hannuwa a baya, ya ce, "Malam, ni wa? Ai mun riga mun ɗaga hannu." Na roƙe shi, ya ƙi. Ga mabuɗin nan a teburin falo, Ummanki sai kewaye shi take da tsumma in tana goge-goge.

Gobe ina da ajin nan. Shekaru ina koyar da abin nan, yau ban san me zan ce ba. Ki faɗa min.

Babanki.

Baba,

Na gaishe ka. Na karanta, na yi kuka, ba zan ɓoye ba.

Ka faɗa wa ɗaliban abin da ka faɗa min. Sannan ka sa sakatare ya sake kiran taro. Ka ajiye mabuɗin kan tebur, ka fita, ka ja ƙofa. Muddin kana tsaye a gabansu, hannu za su ɗaga.

Ka gaida Umma.

'Yarka.